Sabuwar Na'urar Da Ta Ƙi Jin Harshen Tsohuwa

Tanut, daminar 1988

Zuwa ga yayana Hamidu a Dakar,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya buɗa maka karatu. Inna lafiya lau, ƙafar ta yi sauƙi har ta koma zuwa kasuwa. Ruwa ya sauka a Gangara, hatsin Baba ya kai gwiwa.

Yaya, wahalar buro, wato ofishinmu, ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka san tsohuwar ordinata, na'ura mai ƙwaƙwalwar nan da nake buga takardun allurar shanu da ita. To, zafin bazara ya kashe ta. Aka aiko mana sabuwa daga Yamai, fara sol, amma da na sa mata faifan aikinmu sai ta yi kamar ba da ita ake ba. Ashe harshensu ba ɗaya ba ne. Ga makiyayan Tenhya sun ɗaure kaya za su yi arewa, kuma ba su wucewa sai da takardar.

Sai aka ƙara aiko wani faifai, wai shi zai sa sabuwar ta riƙa kwaikwayon tsohuwar, kamar yarinya ta ɗaura zanen kakarta. Bayaninsa kuwa da Ingilishi, mu kuma Faransanci muka yi a lakol, makarantar boko. Manzo direba ya ce shi ya zauna Kano, a ba shi. Ya daɗe yana motsa baki, sannan ya ce akwai wata kalma da ke ta dawowa, wai boot, ma'anarta takalmi. Shugabanmu Malam Attahir bai yi wata-wata ba, ya ce kowa ya tuɓe nasa. Muka tsaya ƙafa ba takalmi, na yi ta danne-danne ina salati, sai ga abu ya tashi! Tun ranar an hana shiga ɗakin da takalmi, har baƙi.

Murnarmu ba ta je ko'ina ba. Duk inda na danna A sai ta rubuta Q. Takardar farko da ta fito sunan shugaba ne a ƙasa, Qttqhir. Ya juya ta sama da ƙasa, ya ce shi dai ba haka aka raɗa masa ba, ya tambayi Manzo ko Ingilishin sunansa ke nan. Manzo ya ce ƙwarai kuwa. Ni dai na lura idan na danna Q tana ba ni A, sai na bi ta a haka, ina buga komai a karkace yana fitowa daidai. Makiyaya suka karɓi takardunsu suka tafi, har wani ardo ya aiko mini da ƙwaryar nono.

Ga inda nake neman taimakonka. Labari ya kai Yamai cewa a Tanut akwai gwanar na'ura, an ce in shirya in je buron Belbeji in haɗa musu tasu. Wallahi Yaya ban san abin da na danna ba. Tunda kai kana ganin irinsu a makaranta, ka tambayo mini malamanka, ka rubuto da gaggawa, da Hausa ko Faransanci. Manzo ya riga ya ce shi zai kai ni, kuma shi zai yi musu bayani.

Inna da Baba suna sa maka albarka. Ladi da Raishatu suna gaishe ka, Gajere ya ce kar ka manta da rediyonsa. Ka gaida abokin zamanka Ɗanmalam.

Ƙanwarka mai jiran amsa ido a hanya,
Kaltuma