Suna na Bakwai

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki, kumburin ya sauka? Mu nan sai godiya.

Ranar Asabar da rana Manaja ya kwashe mu duk ofis zuwa silima, wai mu sha iska. Fim ɗin Turawa ne, irin mai ba da dariya yana ƙona rai: wani kamfani ne da ba ya korar ma'aikaci sai ya shirya masa liyafa, a tafa masa, a rataya masa lambar yabo, sannan masu gadi su raka shi waje ana kiɗa. Masinja ya yi dariya har da hawaye. Mai shara ta ce ba ta ga abin dariya a wulaƙanci ba, ta gyara zama ta kama gyangyaɗi. Manaja kuwa har cinya yake bugawa.

Ni mutane na kalla, ba fim ba. A makon nan na buga takardun sallama guda bakwai, suna kulle a durowata sai ƙarshen wata, kuma an ce in maganar ta fita, tawa ce ta takwas.

Na bakwai Baba Direba ne, wanda ya kai mu asibiti lokacin ciwon Mama. Da muka fito daga silima yana ta girgiza kai, wai Turawa ba su da imani, mu Allah ya rufa mana asiri da Manaja mai mutunci. Ya ce wata makaranta na nemansa ya ja motar ɗalibai, amma Litinin zai je ya ba su haƙuri, shekara goma sha tara ba a tsallake ta haka kawai. Na ce Allah ya zaɓa mafi alheri. Abin ya tsaya mini a rai.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida, ban jira shawararki ba. Litinin da safe na tarar da Baba Direba yana goge gilashin mota, na ce ya karɓi aikin makarantar, kada ya tambaye ni dalili. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ci gaba da gugarsa.

Ya karɓa, kuma bai tona ni ba. Ya shiga ya nemi gafarar Manaja don zai bar shi, Manaja ya rungume shi ya ce an yi babban rashi. Na ji daɗi, ba zan ɓoye miki ba.

Jiya Manaja ya kira ni. Ya ce daga sama bakwai aka ce a sallama, wanda ya tafi da ƙafarsa ba ya ciki. Tunda na fi shi sanin mutane, in kawo masa sunan wanda zai cike na bakwai kafin Alhamis. Tun safe duk wanda ya leƙo ya gaishe ni, sai in tsura wa takarda ido.

Ki gaida yara. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta