Imanin Malam da Hoton Ƙwaƙwalwa

Bagauda, Bebeji.

Zuwa ga ƙanena Mujitaba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina yi maka gaisuwar 'yan'uwantaka, tare da roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin lafiya da natsuwa, kai da Shamsiyya da yara. Allah Ya buɗa maka karatun da ya kai ka Malesiya, Ya dawo mana da kai lafiya. Mu nan alhamdu lillahi. Inna ta samu sauƙin gwiwa, har ta fara fita tsakar gida ba sanda, sai dai in an hana ta tsinkar zogale ta yi fushi da kowa. An kai masara gida, shinkafar bakin ruwa ma ta yi kyau bana, tsuntsaye ne kawai suka ɗan taɓa ta. 'Yata Rumaisa ta kusa saukar Alƙur'ani, malamarsu ta ce haddarta ta zauna.

Za ka yi mamakin ganin rubutu maimakon murya. Da hannuna na rubuta, Rumaisa za ta ɗauki hotonsa ta tura maka. Na daina yarda da saƙon murya, kuma kai ne sanadi. Ka san ni ba mai ɗaga harshe ba ce, tun kana goye a bayana ban taɓa yi maka tsawa ba. Amma raina a ɓace yake, Mujitaba, ɓacin da ban taɓa yi da kai ba, kuma gara ka ji daga gare ni.

Bari in tuna maka yadda abin ya faro, don kada ka ce na ƙara ko na rage. Da ka zo hutu bara, ka ce bincikenku yana buƙatar mutanen da za a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu a asibiti a Kano. Malam, mijin yayarka, bai so ba. Ni na zaunar da kai na yi ta tambayarka ko akwai cutarwa, ko akwai abin da ya saɓa wa addini, kai kuma ka yi mini bayani dalla-dalla. Ka ce a cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu zaruruwa da suka fi gashi siranta, masu kai saƙo daga wannan sashe zuwa wancan, kamar ƙananan magudanan da ke raba ruwan noman rani zuwa fangali-fangali. Ka ce na'urar tana duba yadda ruwan jiki ke bin zaruruwan, daga nan a gane ko a tsuke suke ko a sake. Ka ce kuna son ku ga ko wannan yana da alaƙa da halaye biyu: saurin gane abin da ke damun wani, da kuma son bin tsari da ƙa'ida. Sannan ka faɗi abin da ya sa na amince, har ka maimaita shi. Ka ce bambancin ƙanƙani ne, ba ya fitowa sai an tara hotunan mutane masu ɗimbin yawa, kuma babu wanda zai kalli hoton mutum ɗaya ya faɗi halinsa. Ka kuma ce za a ɓoye sunaye, ko kai ba za ka san na wane ne wannan ba. Da wannan maganar taka na lallashi Malam. Ya cire agogo da zobe, ya kwanta a cikin bututun nan mai ƙara kamar injin niƙa, don kawai ƙanen matarsa ya samu abin rubutawa.

Sai ga saƙonka a zauren hirar danginmu na waya. Na saurare shi fiye da yadda nake so, don haka na haddace shi. Cewa ka yi: "To jama'a, yau asiri ya tonu, na'ura ta nuna Malam ba shi da imani. Wayoyin lissafi sun cika kan maƙil, na tausayi kuwa sai an sa tabarau." Ka ƙara da cewa ashe shi ya sa dorinarsa ba ta jin roƙo lokacin da yake koya maka allo, ka yi dariya, ka ce wasa kake. Na sani wasa ne. Tsakanin mutum da mijin yayarsa akwai wasa, kuma Malam bai taɓa hana ka ba, shi ma yana kiranka Dakta mai tsoron allura. Amma wasan nan a tsakar gida ake yinsa, ido na ganin ido. Kai kuwa ka naɗe shi ka jefa cikin waya.

Yayanka Tasi'u ya kunna shi a teburin mai shayi don a yi dariya. Uba na gidan Sarkin Noma yana wurin, ya ce a tura masa. Abin da ya fito daga wayar Uba babu dariyarka a ciki, babu dorina, babu wasa nake. Jimla ɗaya ce tak da muryarka: na'ura ta nuna Malam ba shi da imani. Ita ce ta zaga Bagauda, ta shiga Bebeji, wata 'yar ajinmu ta Islamiyya da ke aure a Kiru ma ta kira ni tana salati. Ka san Uba bai yafe wa Malam rabon gadon da ya yi musu a gidansu ba, tun da aka fitar wa ƙanwarsa Turai nata kason a gonar bakin ruwa, wadda shi ya riga ya ɗauka tasa ce shi kaɗai. Yanzu duk inda ya zauna cewa yake ba shi ya faɗa ba, likita ne ya faɗa, likitan ma surukin mutumin, kuma na'urar Turawa ba ta san son kai ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kalmar da ka zaɓa. A nan aka haife ka, da Hausar nan ka buɗe baki. Ka sani sarai in an ce wane ba shi da imani, ana iya nufin ba shi da tausayi, kamar yadda ake faɗa wa mai dukan jaki. Ka kuma sani ita ce dai kalmar da ke raba Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Kana da tausayi, kana da jinƙai, kana da taushin zuciya, duk ka tsallake su ka ɗauko wadda take da baki biyu, ka ɗora ta a kan mutumin da ke jan sallah. Ka manta Liman Dikko yana kwance tun kafin azumi, Malam ne na'ibinsa, shi ke shiga gaba a masallacin unguwa? Mutanen nan ba su san zaruruwan ƙwaƙwalwa ba. Abin da suka ji shi ne an leƙa cikin kan limaminsu da injin, an duba, ba a samu imani ba.

Sahu ya fara raguwa. Wasu suna bin sa, in sun koma gida su sake sallar. A gidan suna wata tsohuwa da nake girmamawa ta ja ni gefe, ta tambaye ni a hankali, don Allah ba da mugunta ba, wai ko na tambayi malamai matsayin aurena. Ni, Mujitaba, da furfurata. Na ɗauki mayafina na dawo gida ban ci abincin sunan ba.

Ina da tambaya, kuma ina son amsa ba kwana-kwana. Ka ga hoton Malam ko ba ka gani ba? In ka nemo shi ka duba, to ka ci amanar da ka ɗauka a gabana cewa an ɓoye sunaye. In ba ka gani ba, to ka ƙirƙiri magana ka jingina ta ga na'ura. Na juya abin ta kowace fuska don in samo maka mafita, ban samu ta uku ba. Kuma ko ka gani ɗin, ba kai ne ka ce hoton mutum ɗaya ba ya faɗin halinsa ba? Ilimin naka ban raina shi ba, ina alfahari da shi a gaban mata. Kai ne ka yi wasa da shi.

Ba zan yi maka ƙarya don in kare mijina ba. Malam mutum ne mai tsari har ya yi yawa. Takalminsa yana da wurin ajiya, littattafansa ba a sauya musu jeri, in ya ce bayan la'asar to bayan la'asar ne. In raina ya ɓaci ba ya ganewa daga fuskata, sai na buɗe baki na faɗa, in na faɗa kuma ya tambaye ni me za a yi a gyara, alhali ni so nake kawai a ce sannu. Na sha kuka a kan wannan a farkon aurenmu. In wannan ne bincikenku yake nufi da mai bin ƙa'ida, to ba sai an shiga bututu ba, ni zan ba da shaida. Amma ranar rabon gadon nan, masu taushin fuska da yawa suna zaune, kowa yana jin nauyin Uba, kowa yana cewa a bar wa namiji gona a ba mace haƙuri. Turai tana da marayu a gabanta. Wanda bai iya karanta fuska ba shi ne ya ƙi motsawa daga abin da littafi ya ce, kuma daga gonar nan yaranta suke ci yau. Ni ban san a wane zare na ƙwaƙwalwa za ku sa wannan ba.

Yanzu Malam ya janye da kansa. Babu wanda ya tsige shi. Ya ce a fiƙihu abin ƙi ne mutum ya ja sallar mutanen da ba sa son limancinsa, kuma ba zai yi wa kansa sassaucin da ba ya yi wa wasu ba. Ya tura ladan gaba, shi ya koma ƙarshen sahu wajen takalma. Dattawan unguwa sun ce za su zauna bayan sallar Juma'a mai zuwa su tsayar da wanda zai riƙe masallacin, kuma Uba yana ta kai-kawo gidajensu.

Duk wannan zan iya ɗauka. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne abin da ya faru da hantsin jiya. Ina tsintar shinkafa a rumfa, ya zo ya zauna kusa da ni da littafi a rufe a hannunsa, abin da ba ya yi. Sannan ya kawo zancen Ukasha, ɗanmu da ya rasu, wanda rabon da ya ambaci sunansa har na manta. Ya ce yana tuna ranar, kowa na kuka, shi kuwa yana tsaye yana auna likkafani yana tsara wanda zai je haƙa da wanda zai sanar da dangi, kuma ko ɗigon hawaye bai zo masa ba. Ya ce ya daɗe yana tambayar kansa dalili. Sai ya dube ni ya ce: "Maijidda, in abin nan gaskiya ya gani fa?"

Na ce masa ni ce na riƙa ɗauke kwanonsa yadda na ajiye shi har aka yi sadakar arba'in, ni na ga yadda rigunansa suka yi masa yawa. Ya ce ni matarsa ce, dole in faɗi haka, wanda ya ga hoton shi ya sani. Ka ji inda wasanka ya kai. Mutanen gari ba su dame shi kamar yadda shi ya fara tuhumar kansa ba, kuma maganata ba ta isa ta cire masa ba, don ba ni ce mai na'ura ba.

Saboda haka ga abin da nake so, kuma ba roƙo nake ba, ni yayarka ce. Ka kira Malam, shi za ka fara kira, ba saƙo ba, kira na baki da baki. Kada ka fara da dariya, kada ka ce ai ya san wasa ne. Ka faɗa masa gaskiyar ko ka ga hotonsa ko ba ka gani ba, ka maimaita masa abin da ka faɗa mini bara game da abin da na'urar take iya gani da wanda ba ta iyawa, da Hausar da ba ta da baki biyu. Bayan haka ka kira Tasi'u ranar Juma'a, ya kai wayar gaban dattawa a buɗe, ka yi musu bayani da bakinka, su tambaye ka ka amsa, Uba yana zaune. Na san lokacinku da namu ba ɗaya ba ne, na san kana da darasi. Ka nemi izini. Ko sun mayar da shi gaba ko ba su mayar ba, wannan na Allah ne, amma ba za a yanke hukunci a kan muryarka kai kana can kana shiru ba. Inna ba ta sani ba tukuna, mun ɓoye mata saboda hawan jininta, kuma ba na so ta ji a bakin 'yan barka.

Ka gaishe mini da Shamsiyya, ka ce na gode da turaren da ta aiko. Ka shafa mini kan Bushra da ƙaninta, Allah Ya raya su. Inna tana sa maka albarka kullum. Rumaisa tana gaida kawunta, Tasi'u ma yana gaisuwa, kunya ta hana shi kiranka. Gaisuwar Malam ce ba za ka gani a nan ba. Bai san ina rubuta wannan ba, kuma ba zan ɗora masa maganar da bai faɗa ba. In kana son gaisuwarsa, ka kira ka karɓa daga bakinsa.

Wassalam. Yayarka,
Maijidda.