Ruwa Ne Ya Ci Hambali

Zuwa ga Yaya Maishanu, gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ƙafar ta yi sauƙi? Ya Balaraba da yara? Ni ina nan Jalingo lafiya, barci ne dai bai cika zuwa ba.

Na san fatake sun riga ni kai labari wai Njidda, mai masaukinmu, shi ya kashe ɗan'uwanmu Hambali. Yaya, ba haka ba ne. An tsamo Hambali a kogi da rauni a ƙeya, 'yan doka suka kama Njidda don an ji su suna faɗa a kan jaki. Har mun haƙa kabari, Bature likita ya hana a binne shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, mu gawa ba ta kwana." Tafinta ya ce in samu wuri in zauna.

Ƙirjin Hambali likitan ya buɗe, Yaya. Wai ya ga ruwa da yashi a huhu, ke nan da ransa ya shiga kogin. Raunin kuma wai bayan ya cika ne wani icce ya buge shi, don jini bai taru a wurin ba. Ni dai ban san ana duba mutum haka ba. An saki Njidda, shi ne ma ya kawo likkafani.

Ni na yi wa Hambali wanka, na lulluɓe ɗinkin da likitan ya yi masa a ƙirji kafin jama'a su shigo. Ka gaya wa Inna ruwa ne, ta daina yi wa Njidda Allah ya isa. Maganar ɗinki kuwa ta tsaya a wurinka.

Allah ya jiƙansa, ya sada mu da alheri.

Ƙaninka, Sallau