Launin Motar Baba

Assalamu alaikum Yaya Sule,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Anti Rabi da yara. Mu nan Funtua lafiya lau, ana ta karyar masara.

Takardar da ka sa aka buga, mai nuna yadda motar marigayi Baba ta fito daga kamfani, ta jawo mini rigima. Mai fentin da muka kai wa motar ya ga an rubuta fara ce, ya kankare koren nan tas, ya fesa fari. Haba Yaya! Wa ya taɓa saninta fara? Koriya take kai mu Malumfashi tun muna yara.

Jiya na kai Inna gareji. Ta zagaya ta, ta ce, "Motar wa ce wannan?" Na nuna mata takardar, ta ce, "Kamfanin ne ya aure ni, ko ubanku?" Har yanzu ba ta amsa gaisuwata.

Kai burinka ka kai ta wurin nunin tsofaffin motoci, ni kuwa gida ɗaya nake da Inna.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa. Ni dai na riga na sayi koren fenti.

Ƙaninka,
Bala