Shan Hantsi a Jikin Rumbu

Cadakori, daren Talata, tsakiyar ɗari

Duk shekara in ɗari ya shigo zuciyata nauyi take yi. Bana kuwa ga fari, ga rumbu wayam, maigida ya tafi cin rani. Kwana da kwanaki ban leƙa waje ba.

Yau Inna Jumma mai kawo mana nono ta zo hannu sake, shanunta duk sun mutu. Ta yaye mini bargo.

"Tashi, ɗiyata. Ni da na rasa garke ma na fito. Mu je shan hantsi."

Muka jingina da rumbu, rana na ratsa mu. Ta bubbuga shi ta ce, "Kin gani? Ko babu hatsi yana tare iska." Ban san lokacin da na yi dariya ba.

Gobe ni zan riga ta shimfiɗa tabarma.