Teburin da Ba a Cewa Ya Jiki

Zuwa ga Yayana Iliya,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, irin wadda Baba ya koya mana mu buɗe wasiƙa da ita. Ni ce ƙanwarka Rifkatu, daga Gorton. Maigidana Yohanna yana nan lafiya. Yaran sun yi tsawo, Hausarsu dai tana inda ka bar ta, ba ta wuce "ina kwana" ba. Matarka Saratu da 'yarka Alheri suna Birmingham, mun yi waya shekaranjiya, su ma lafiya.

Tun da ka rasu ake ba da labarinka. A coci an ce kai ne ba ka fashin sujada. Direbobin tasi sun ce ba ka taɓa ƙwace wa kowa fasinja ba. Duk gaskiya ne. Amma ba wanda yake ambaton poker, wasan kartar nan na kuɗi, sai ka ce ba a yi ba. Ni kuwa ta nan na san ka, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Ka girme ni da nisa. Lokacin da ka bar Kafanchan ina firamare, abin da na riƙe game da kai shi ne takalmin da ka aiko mini, wanda ya yi mini yawa. Da aure ya kawo ni Manchester, na same ka ka daɗe kana tuƙin tasi a Birmingham. Kowace Lahadi da yamma mukan yi waya. Ya aiki, ya yara, ya sanyi. Daga nan sai ka ce, "To ga Saratu." Shekaru muka yi a haka. Ba faɗa muke ba, abin faɗa ne ba mu da shi.

Sai ƙodarka ta tsaya. GP, likitan unguwarku, ya tura ka asibiti da safe, kafin yamma an kwantar da kai. Daga nan aka ɗora ka a kan wankin ƙoda sau uku a mako, ka ajiye mota. Saratu tana aiki a care home, gidan kula da tsofaffi, Alheri tana makaranta, kai kaɗai kake wuni a flat ɗin Sparkhill, da kofin ruwan da aka ce kada ka wuce shi.

Wani tsoho ɗan Ireland da kujerarsa take kusa da taka a ɗakin wankin, shi ya koya maka poker. Ka dawo gida ka buɗe kwamfutar da aka saya wa Alheri don homework, ka sa kuɗin da bai kai na kebab biyu a Stratford Road ba, ka zauna a tebur mafi ƙanƙanta da ake da shi a intanet, inda ake wasa da penny ɗaya, penny biyu. A wannan teburin ka zauna har ƙarshe. Ba ka taɓa hawa na gaba ba, ko lokacin da ka iya.

Ranar da ka fara gaya mini, na tambaye ka ya jiki kamar kullum. Ba ka amsa ba. Ka ce, "Auta, a ce kina riƙe da sarauniya biyu, mutum ya ƙara kuɗi a gabanki, me za ki yi?" Na ce ban san abin da kake faɗa ba. Ka ce in samo biro. Ranar ba ka miƙa wa Saratu wayar ba, har tuwon da na ɗora ya kama.

A hankali na koya. Kowa ana ba shi karta biyu a ɓoye, biyar kuma ana buɗe su a tsakiyar tebur. Call shi ne ka bi abin da aka sa, raise ka ƙara, fold ka ajiye kartarka ka fita. Zagaye ɗaya, daga raba karta zuwa kwashe abin da ke tsakiya, shi kake kira hand. Kwamfutar tana ajiye bayanin kowane hand a rubuce. Ran Asabar sai ka zaɓi biyu ko uku ka turo mini ta email. Ni kuma in buga su a takarda a surgery ɗin, ƙaramin asibitin da nake aikin reception, in karanta a bas, Lahadi mu bi su layi-layi.

Ba ka turo waɗanda ka ci. Na taɓa tambayarka dalili, ka ce wanda aka ci ba ya koya wa mutum komai sai girman kai.

Kana da sunaye ga mutanen da ba ka taɓa gani ba. Akwai wani daga Sweden da ba ya ajiye karta ko me aka sa masa, ka raɗa masa Ba-na-tashi. Akwai wani da in ya yi asara sai ya cika wurin hira da zagi, shi kuma Kwandasta. Har na saba da su. In na kira sai in ce ya Ba-na-tashi, ka ce yana nan, jiya ma ya ba ka kuɗin shayi.

Na tuna wata Lahadi da ka yi fushi da ni. Ka shiga da ace biyu, kartar da ta fi kowace girma, ka sa duk abin da ke gabanka, Ba-na-tashi ya bi ka da tarkace, karta ta ƙarshe ta faɗo masa daidai. Na ce ai da ka sani da ba ka sa duka ba. Ka ce, "Da na san me? Ki dubi abin da na sani lokacin da na sa, ba abin da ya faɗo daga baya ba. Gobe aka sake raba mini su, haka zan yi." Muryarka ta yi ƙarfi har na ji Alheri daga ɗaki tana cewa, "Dad, it's only pennies." Ka ce mata ta yi karatunta.

Ba kowa ne ya ji daɗin abin ba. Alhaji Tanko, abokin tuƙinka ɗan Kumasi, shi yake kai ka asibiti ya dawo da kai, bai taɓa karɓar ko kuɗin mai ba. Shi ya fara ganinka a gaban kwamfutar. Ya ce, "Iliya, mutum yana wannan hali sai ya kama Allah, ba karta ba." Bayan kwana kaɗan fasto ya zo da irin maganar, da ayoyinsa. Ka ce mini tun da ka zo ƙasar nan ba ka taɓa ganin fasto da Alhaji sun tsaya a layi ɗaya ba sai a kanka.

Ba ka musa musu ba. Ina wurin lokacin da Alhaji ya sake tayar da zancen, na zo weekend. Ka ce, "Alhaji, caca ce, ban ce ba ita ba ce. Amma a teburin nan ba wanda yake ce mini ya jiki. Suna so su cinye ni kamar yadda suke so su cinye kowa." Alhaji ya daɗe yana juya makullin motarsa. Sannan ya ce ka sa rigar sanyi, lokaci yana tafiya. Bai yarda da kai ba, bai kuma fasa zuwa ba.

A wannan zuwan ne ka ɗora ni a kujerar gaban kwamfutar, ka ja wata ka zauna a gefena. Hannunka na hagu, inda ake sa allurar, ya kumbura kamar an cusa igiya a ƙarƙashin fata. Aka raba mini tara biyu. Kuɗin da ke tsakiya ba zai sayi madara ba, amma na tsorata kamar albashina ne a wurin. Ka yi ta dariya har tari ya kama ka. Na yi fold. Ka ce kuskure ne, amma kuskure mai araha. Shi ne farko, shi ne ƙarshen wasana.

Ban gaya maka na je gwaji ba sai da sakamako ya fito. Likitoci a Manchester suka ce ƙodata za ta yi maka. Bayan kwana biyu Yohanna ya ce in je. Na hau coach, babbar bas, zuwa Birmingham da takardar a jaka. Na same ku kuna cin abinci, kai da shinkafarka marar gishiri. Na ajiye takardar kusa da kwanonka.

Ka karanta ta har ƙarshe, ka ninke, ka miƙo mini. Ka ce, "Hawan jini ya kashe Mama. Shi ya cinye mini ƙoda. Kina da yara biyu da ba su gama primary ba. Ba zan karɓa ba." Na ce likita ya ce haɗarin kaɗan ne. Ka ce kaɗan ɗin a kan 'ya'yana zai faɗa, ba a kan likita ba. Saratu ta tashi ta shiga kicin ta buɗe famfo. Na faɗa maka maganganu a ranar. Na ce ka iya lissafi a kan penny, ka kasa a kan ranka. Na ce ka dubi Alheri. Ka ce ka dube ta, kuma in wani abu ya same ka, wa zai riƙe ta in ba ni ba, da lafiyata cikakkiya.

Na koma Manchester a ranar. Lahadi ta zo ban kira ba, kai ma ba ka kira ba. Aka yi makonni a haka. Saratu ce take gaya mini yadda kake.

Wata Asabar na buɗe email na ga hand guda, ba gaisuwa, ba komai. Na bar shi har Litinin. Sannan na rubuta maka cewa raise ɗinka ya yi ƙanƙanta, ka bar mutum ya ga karta da arha. Ka amso da kalma ɗaya: "Daidai." Lahadi ta gaba muka yi waya kamar ba abin da ya faru. Ba mu sake ambaton takardar ba. Na sake tayar da maganar sau ɗaya ta bakin fasto, ka ce masa ya gaishe ni.

Sunanka yana cikin jerin masu jiran ƙoda. Sau ɗaya aka kira ka. Alhaji ya kai ka da jakar da ta daɗe a shirye a bayan ƙofa, aka yi maka gwaje-gwaje, aka hana ka cin abinci, daga baya aka ce ta fi dacewa da wani. Ka dawo gida ka mayar da jakar inda take. Saratu ta ce ko takalmi ba ka cire ba ka kunna kwamfutar. Da na kira, ka ce wanda ya samu ɗin yaro ne, ka gan shi a corridor da uwarsa. Ba ka ƙara komai a kai ba.

Bayan Ista zazzaɓi ya kama ka. Aka ce ƙwayar cuta ce ta shiga jini ta wurin allurar. Na iso asibitin kana numfashi amma ba ka gane kowa. Na zauna tare da Saratu da Alheri har aka gama. Aka binne ka a can Birmingham, kamar yadda ka ce, don kada a wahalar da kowa da jirgi. Direbobi sun zo da yawa, Musulmi da Kirista, motocinsu sun cika layin. Saratu ta rufe account ɗinka na poker daga baya. Abin da ke ciki ta saya wa Alheri takalmin makaranta.

Mutane sun tambaye ni ko da ka karɓa da kana nan. Ban sani ba. Wasu ranaku ina jin haushinka har yanzu, wasu ranaku in dubi yaran, haushin ya kwanta. Ba na tsammanin wannan zai canza.

Email ɗinka na ƙarshe ya shigo kwana kaɗan kafin zazzaɓin. A samansa ka rubuta cewa ka gane ina leƙa ƙarshen hand kafin in ba da amsa, don haka wannan ka yanke masa ƙarshe. Sarki biyu ne a hannunka. Ka yi raise, mutum ɗaya ya bi ka, wani sabo da ka kira Mai-barci, ka ce yakan yi awa guda a tebur bai shiga wasa ba. Kartar tsakiya ƙanana ne. Ka sa, ya bi. Ka sake sawa, ya sake bi. Ta ƙarshe ta faɗo ace, sai ya tura duk abin da ke gabansa. A nan rubutun ya tsaya. Ka ce, "Me za ki yi, Auta?"

Na buga shi a takarda, na sa a jaka don Lahadi. Lahadin a asibiti ta same mu.

Na bi shi sau da yawa tun lokacin, a bas, a wurin aiki in ba kowa a layi. Ga amsata, Yaya. Fold zan yi. Mutumin da yake zama awa guda bai motsa ba, ba zai tura komai nasa don ya tsorata ka ba. Tun kafin ace ɗin ma ina zargin kartarsa ta fi taka. Sarki biyu suna da kyau, ajiye su da ciwo, amma a nan an cinye su.

Na kuma san abin da kai ka yi. Ka bi shi. Da ka ajiye, ba za ka turo mini ba.

Ubangiji ya ba ka hutawa, inda ba allura, ba a auna wa mutum ruwan sha. Ya riƙe Saratu, ya raya Alheri, ya ba ni ƙarfin tsaya mata kamar yadda ka so. Ya saka wa Alhaji Tanko da alheri. Ya gafarta mana ni da kai, abin da muka faɗa da wanda ba mu faɗa ba. A cikin sunan Yesu, amin.

Taka har kullum,
Auta,
Gorton, Manchester.