Rasuwar Dikon Cleophus Tillery, Wanda Aka Hana Wa Tuta

Cikin alhini da nauyin zuciya, Ƙungiyar Baƙaƙen Fata Masu Hidimar Hafsoshi a Jiragen Yaƙi, reshen Norfolk da ke ƙasar Amurka, ta sami labarin rasuwar babban yayanmu, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, Dikon Cleophus Tillery, wanda Ubangiji ya yi wa kira da hantsin Talata a gidansa, yana da shekara arba'in da huɗu, bayan doguwar jinyar ciwon huhu. A madadin Mai Girma Shugaban Ƙungiya, Mista Lucius Pettaway, da dattawanta da ɗaukacin 'ya'yanta na tudu da na kan teku, muna miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinsa, Uwargida Odessa Tillery, da 'ya'yansu mata biyu, da Rabaran Hosea Whitlock na majami'ar da marigayin ya yi wa hidima a matsayin dikon, wato mai taimaka wa Rabaran.

Marigayin ya baro gonar auduga ya shiga sojan ruwa da burin koyon aikin inji, sai aka miƙa masa farar riga da faranti, domin aikin da aka yarda baƙar fata ya yi ke nan. Shekara goma sha tara ya yi yana gyara gadon hafsoshi, yana goge takalmansu, yana kai musu kofi, yana tsayawa a bayan kujerunsu hannu a baya har su gama cin abinci, har furfura ta fara fito masa ana kiransa boyi. Babu wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa da zai manta abin da yakan faɗa wa sabon zuwa: "Ɗan'uwa, ka riƙe butar kofi da dama, mutuncinka da hagu. In ɗaya zai zube, bari kofin ya zube."

Jama'a sun san gobarar da ta tashi a jirginsu da rana tsaka a shekarar ƙarshe ta Yaƙin Duniya na Biyu, amma kaɗan ne suka san cewa sau biyar marigayin ya kutsa cikin hayaƙi da jiƙaƙƙen tawul a fuska, ya fito da hafsoshi uku da ƙananan sojoji biyu a kafaɗarsa. A nan huhunsa ya ƙone. Da kwamitin bincike ya zauna, sai aka ɗora laifin a kan kukun jirgin, Ɗan'uwa Ozell Gantt, wai ya bar murhu a kunne, alhali kowa a kicin ya san wutar ta tashi ne daga gangunan man da wani hafsa ya sa aka jibge a lungun da bai kamata ba. An ja kunnen marigayin a keɓe cewa ya yi shiru. Ya tashi a gaban kwamitin ya faɗi abin da ya gani, kuma da shugaban zaman ya daka masa tsawa, "Kai boyi, ka san da wa kake magana?" sai ya amsa, "Na sani, ranka ya daɗe. Amma murhun Ozell a kashe yake, ni na kashe shi da hannuna." Ozell ya tsira daga kurkuku. Marigayin kuwa, kafin wata biyar, an cire masa igiyoyinsa an sallame shi da takardar da ta ce bai dace da aiki ba.

Da wannan takarda hukumar sojan ruwa ta kafa hujja jiya Laraba, aka shaida wa Uwargida Tillery cewa ba za a ba ta tutar rufe akwatin gawar mijinta ba, kuma ba za a turo mai busa begila ba, kamar yadda ake yi wa tsofaffin sojoji. Ƙungiya na sane da yadda rayuka suka ɓaci, tana kuma sane da maganar da ke yawo cewa wasu 'yan'uwa za su karkata da gawar zuwa ƙofar barikin sojan ruwa. An riga an gargaɗe mu cewa za a jibge 'yan sanda masu kulki a hanya, an kuma ce za a rubuta sunan duk wani ɗanmu mai aiki a jirgi da aka gani a wurin. Saboda haka muna roƙo, don girman Allah da darajar marigayin, ranar Asabar da ƙarfe goma kowa ya zo da farar rigarsa ta aiki a wanke a goge, a tashi daga majami'a zuwa maƙabarta kai tsaye, biyu-biyu, babu dutse a aljihu, babu ramuwar zagi. Wanda zuwansa zai ci aikinsa ya zauna, ba za a ga baƙinsa ba. Ɗan'uwa Ozell Gantt ne zai riƙe gaban akwatin.

Akwai kuma batun da ya raba kan dattawanmu a zaman jiya. Ɗaya daga cikin hafsoshin da marigayin ya fito da su daga wuta, wanda ya zauna a ɗakin binciken nan bai ce uffan ba, ya aiko da wasiƙa yana neman a bar shi ya ɗauki akwatin. Wasu sun rantse in ya taka ƙofar majami'a ba za su iya riƙe kansu ba. Da muka kai maganar gaban Uwargida Tillery, ta daɗe tana duban wasiƙar, sannan ta ce, "Ku bar shi ya zo, kada wanda ya taɓa shi. Amma akwatin Cleophus yana da masu ɗauka. Ya tsaya a bayan kujeru, hannunsa a baya, har a gama, in an bukace shi a kira shi." Ƙungiya ta karɓi wannan hukunci, kuma duk wanda ya saɓa masa, mai takaba ya saɓa wa, ba mu ba.

Ubangiji ya ba wa bawansa Cleophus hutu, ya ba Uwargida Odessa da 'ya'yanta da dukkan dangi ƙarfin jure wannan babban rashi, ya kuma kai mu Asabar ya dawo da mu gidajenmu lafiya, ba a rasa ko ɗaya ba.

Sa hannu:
Lemuel Satterwhite
Kakakin Ƙungiya, Reshen Norfolk, Virginia
Alhamis, 13 ga Maris, 1947